Mabuɗin Tarayya: Tarihin Tsare Asirin Saƙo a Iyakar Gobir

Ƙasar da ke tsakanin Isa da Sabon Birni, watau inda gulbin Bunsuru da na Gagare suka haɗu suka zama gulbin Rima, sa'an nan Gulbin Maraɗi ya gangaro daga arewa ya same su, ta shafe fiye da shekara 200 tana zaman bakin iyaka. Da fari iyaka ce tsakanin Daular Sakkwato da Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya, daga baya ta zama iyakar Ingilishi da Faransi, yau kuwa ta Nijeriya da Nijar ce. Mutumin bakin iyaka kullum yana da wata damuwa wadda na tsakiyar ƙasa bai cika saninta ba, ita ce yadda zai aika wa 'yan'uwansa da ke warwatse a garuruwa labari, ya isa gare su duka, su tabbata daga gare shi ya fito, ba tare da abokin gaba ya tsinta a hanya ba. Manufar wannan lacca ita ce a bi sawun wannan damuwa a tarihin yankin, a kuma auna ta da abin da masana kimiyyar sadarwa suka gano game da ita a wannan zamani.

Ya kamata a fara da fayyace kalmomi biyu. Idan aka ce mabuɗin tarayya, ana nufin duk wani asiri da jama'ar ƙungiya ɗaya suka yi tarayya a kan saninsa, wanda da shi ake kulle magana, da shi kuma ake buɗe ta. A na'ura mai ƙwaƙwalwa jerin lambobi ne masu tsawo, amma a rayuwar mutane yana iya zama kalma, ko kiɗa, ko alama a jiki, ko ma harshe sukutum. Idan kuma aka ce sadarwa marar cibiya, ana nufin tsarin da saƙo ke tafiya daga hannu zuwa hannu, kowane ɗan ƙungiya yana karɓa yana miƙawa, babu wata fada ɗaya da dole sai an bi ta cikinta. Masu ƙera na'urorin wayar iska sun tarar cewa haɗa waɗannan biyu yana da wuyar gaske, domin inda babu cibiya babu mai raba mabuɗi, babu kuma mai karɓe shi daga hannun wanda ya ci amana. Sarakunan Gobir da na Sakkwato sun sha fama da wannan wahala tun ba a san lantarki ba.

Jama'ar Shehu da fadar Alƙalawa

A ƙarshen ƙarni na 18 cibiyar mulki a wannan yanki ita ce Alƙalawa, birnin da Sarkin Gobir Babari ya mai da hedkwatarsa bayan ya ci Zamfara, wanda kufansa ke nan kusa da Sabon Birni. Abin sha'awa shi ne, a wancan lokaci masu sadarwa marar cibiya su ne jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Almajiransa suna warwatse a Gobir da Zamfara da Kabi da Katsina da nesa da nan, abin da ya haɗa su kuwa karatu ne da wasiƙu da waƙoƙin wa'azi na Fulatanci da Hausa waɗanda ake haddacewa a wuce da su gari gari. Suna kuma da alamar da suke gane juna da ita, watau rawani ga maza da lulluɓi ga mata. Da Sarkin Gobir Nafata ya tashi karya ƙungiyar, cikin dokokin da ya kafa har da hana ɗaura rawani da yin lulluɓi. Wannan doka ta nuna cewa fada ta fahimci aikin alamar sarai. Sai dai alamar da kowa ke gani a kasuwa tana da aibi biyu: tana tona asirin mai ita, kuma duk wanda ya mallaki ƙyalle yana iya ɗaura ta.

Bayan hijira daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804 da yaƙin Tabkin Kwatto a watan Yuni na shekarar, sai buƙata ta sake kama. Jihadi ya bazu zuwa ƙasashen da Shehu bai taɓa takawa ba, tilas jama'ar can su san wane ne ke magana da izininsa. Maganin da aka yi shi ne tuta. Malami ya zo da kansa, ko ya aiko amintattu, a ba shi tuta hannu da hannu, ya koma ƙasarsa da ita. Masana sadarwa na yau za su ce an raba shaida ne ta hanyar ganawa ido da ido kafin a rabu, kuma har gobe ba a sami hanyar da ta fi wannan aminci ba. Alƙalawa ta faɗi a 1808, aka kashe Sarki Yunfa, sai al'amari ya juya: masu cibiya suka zama 'yan gudun hijira, 'yan gudun hijira suka kafa cibiya.

Hatimi da ƙofa

Daular Sakkwato ta gina sadarwarta a kan takarda. Wasiƙun hukuma da Larabci ake rubuta su, bisa tsari sananne na buɗewa da gaisuwa da rufewa, wasiƙar Sarkin Musulmi kuma tana ɗauke da hatiminsa. Kowace masarauta tana da ƙofarta a Sakkwato, watau babban bafaden da saƙonta ke bi ta hannunsa, kuma mafi yawan manyan masarautun gabas, irin su Kano da Zazzau, ta hannun Waziri suke bi tun daga zamanin Waziri Giɗaɗo ɗan Laima. A lura da cewa hatimi ba ya ɓoye abin da ke cikin wasiƙa. Aikinsa shi ne tabbatar da mai aikowa. Ɓoyewa kuwa ta rataya ne a kan abu biyu, ƙarancin masu karanta Larabci a kan hanya, da amanar manzo, wanda sau da yawa shi ke riƙe da mafi nauyin maganar a bakinsa, takarda tana gabatar da shi kawai.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya san darajar saƙon da aka tare a hanya. Lokacin da Baturen nan Kilabatan ya dawo ƙasar a 1826, ya tarar da Bello a sansanin yaƙi da Gobirawa a Konya, yana kuma ɗauke da wasiƙa da kyautai daga Ingila zuwa ga Shehun Barno Alkanemi. Sakkwato tana gaba da Barno a lokacin, saboda haka Bello ya sa aka karɓe wasiƙar, bai bari ta wuce ba. Kilabatan ya ji zafin abin ƙwarai, ya kuwa rasu a Sakkwato a watan Afrilu na 1827. Marubutan Turai sun daɗe suna kallon wannan a matsayin cin mutuncin baƙo, amma duk mai mulkin da ke cikin yaƙi, a kowace nahiya yake, abin da zai yi ke nan.

Domin tsare iyakar arewa da gabas Bello ya kafa garuruwan ribaɗi, shi da kansa ya zauna a Wurno. Isa ta zama ɗaya daga cikin garuruwan da ke fuskantar Gobirawa kai tsaye, shi ya sa har yau sarautarta Sarkin Gobir ce. Tsakanin waɗannan garuruwa da Wurno akwai dajin Gundumi, wanda ayari ba ya ratsa shi sai da shiri. Bature Barth, wanda ƙasar Hausa ta sani da Abdulkarimu, ya ratsa shi a 1853, kwana da yini ana tafiya ba a yada zango ba, don tsoron mahayan Gobir. Manzon da ke ɗauke da wasiƙa mai hatimi ta wannan daji yake bi, in an kama shi kuwa an kama saƙo da shaidarsa gaba ɗaya.

Ƙawancen da ba shi da uwa

Ɓangaren da ya fi dacewa da batun wannan lacca shi ne na waɗanda Sakkwato ke kira 'yan tawaye. Bayan faɗuwar Alƙalawa gidan sarautar Gobir ya yi ta sauya mazauni. Katsinawan da aka kora sun kafu a Maraɗi ƙarƙashin Ɗan Kasawa, Kabawa suna yamma, Abzinawa suna arewa, kowa da sarkinsa, kowa da buƙatarsa, babu wanda ke ba wani umarni. Duk da haka sukan haɗa runduna su fito rana ɗaya. Wannan ita ce sadarwa marar cibiya a ainihinta, kuma abin tambaya shi ne da me suke gane nasu.

Abu na farko yana rubuce a fuska. Tsagar Gobirawa, shida a kunci ɗaya bakwai a ɗayan, shaida ce da wanzami ke bayarwa tun mutum yana jariri, ba a aron ta, ba a sace ta. Amma a ma'aunin masu ilmin asirin saƙo tana da babban rauni, domin mabuɗi ne da ba ya sakuwa. Bagobirin da ya koma wa Sakkwato da tsagarsa ya koma, kuma ranar da ya dawo leƙen asiri fuskarsa za ta buɗe masa ƙofar gari kamar kowane ɗa. Abu na biyu harshe ne. Mutumin wannan yanki yana cewa hwari da hwaɗi inda Bakano ke cewa fari da faɗi, kuma jimla ɗaya ta isa a gane baƙon da ya taso daga gabas. To amma Basakkwace da Bagobiri kusan bakinsu ɗaya, saboda haka wannan ma'auni yana tankaɗe na nesa ne kawai, maƙwabcin da ake yaƙi da shi kuwa ya wuce salin alin.

Abu na uku shi ne kiɗa, kuma shi ne wayar iskar wancan zamani. Tambari da kuge da kakaki suna aika sauti ko'ina ba tare da zaɓen kunne ba, daidai da yadda na'urar rediyo ke watsa magana ga duk wanda ya kama tasharta. Abin da ya raba mai ji da mai fahimta shi ne sanin take. Kowane basarake yana da takensa, akwai kiɗan taruwa, akwai na fita, ɗan gari yana fassara su tun yana yaro, baƙo kuwa amo kawai yake ji. Ga mabuɗin tarayya sosai, an raba shi ga dubban mutane ba tare da an rubuta komai ba. Sai dai yawan masu riƙe da shi shi ne ajalinsa. Makaɗa suna sauya iyayen gida, bayi suna gudu, 'yan mata suna aure a ƙetaren gulbi, kuma take abin alfahari ne na gado, ba a sake shi don an yi zargin abokin gaba ya gane shi. Abin da ya rage bayan waɗannan duka shi ne rantsuwa da auratayya da jingina 'ya'ya, watau a ɗaure mutum da abin da zai yi hasara in ya tona.

A 1836 ƙawancen ya haɗu da Bello a Gawakuke, aka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina na Maraɗi Rauda. Wani zai zaci ƙarshen zance ke nan. Amma a nan ne fa'idar rashin cibiya ta bayyana, domin babu kai ɗaya da za a sare jiki ya mutu. Mayaƙi ya tattara Gobirawa ya kafa Tsibiri dab da Maraɗi, hare-hare kuma suka ci gaba shekara da shekaru, har zuwa zamanin Ɗan Baskore na Maraɗi wanda ya addabi Katsina da Zamfara da ƙasar Kano.

Abin da takobi ya kasa yi, ɓaraka ta cikin gida ta yi shi. A zamanin Sarkin Musulmi Ahmadu Atiku, wanda ya yi mulki daga 1859 zuwa 1866, wani ɗan sarautar Gobir mai suna Ɗan Halima ya saɓa da Sarkin Gobir Bawa ɗan Gwamki na Tsibiri, ya yi sulhu da Sakkwato, aka yardar masa ya kafa gari kusa da kufan Alƙalawa. Garin shi ne Sabon Birni. A duba wannan al'amari da idon mai tsaron asiri. Mutumin da ya fita daga ƙungiya ya fita da tsagarta a fuskarsa, da takenta a kunnen makaɗansa, da sanin rijiyoyi da mashigai da gidajen da manzanni ke sauka, da sunayen waɗanda ke kai wa Tsibiri labari daga cikin ƙasar Sakkwato. Tsibiri ba ta da ikon karɓe ko ɗaya daga cikin waɗannan. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari, kuma dabarar Ahmadu Atiku ke nan.

Sai dai wuƙar ta yanka ta baki biyu. Shigowar Ɗan Halima ta sa Gobirawan Sabon Birni sun zauna a cikin shingen daula, suna ganin shige da ficen Isa da sauran garuruwan ribaɗi, alhali danginsu na jini suna Tsibiri. Ba a daɗe ba garin da aka kafa don ya zama garkuwa ya zama abin tsoro, har ta kai a zamanin Sarkin Musulmi Mu'azu, 1877 zuwa 1881, da na Umaru ɗan Aliyu Babba, 1881 zuwa 1891, Sakkwato ta riƙa ɗaura yaƙi da Sabon Birni. Masana sadarwa suna da ƙa'idoji biyu da wannan labari ya tattara: wanda ya fita kada ya iya karanta saƙon gobe, wanda ya shigo kada ya iya karanta na jiya. Tsibiri ta kasa cika ta farko, Sakkwato ta yi sakaci da ta biyu.

Ranar da aka buɗe adakar Waziri

Raunin mai cibiya kuwa ya bayyana ne a watan Maris na 1903, sa'ad da sojojin Ingilishi suka shiga Sakkwato. A gidan Waziri Buhari suka sami tarin wasiƙun da sarakuna suka aiko, ba ko ɗaya da aka kulle da wani asiri, wanda duk ya iya Larabci zai karanta. Daga baya wani jami'in mulkin mallaka, Backwell, ya fassara wasu daga ciki aka buga a Ikko a 1927. A gida ɗaya, a yini ɗaya, baƙo ya ga abin da masarautu suka yi shekaru suna faɗa wa juna a kansa. Masu nazarin tarihi sun ci ribar wannan adaka ƙwarai, amma ba don su aka tara ta ba.

Akwai kuma batun wasiƙar da Lugga ya ce Sarkin Musulmi Abdurrahman ya aiko masa a 1902, wadda ya kafa hujja da ita cewa Sakkwato ta zaɓi yaƙi. Fassararta ta Ingilishi ce ta yaɗu, asalinta na Larabci bai bayyana ba, kuma Muffett, wanda shi ma tsohon jami'in mulkin mallaka ne, ya yi shakkar ingancinta a littafinsa na 1964. Daular da ta dogara ga hatimi, sai ga shi an yi mata hukunci da takardar da ba a nuna wa kowa hatiminta ba.

Yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 da 1904 da 1906, da aikin kafa turakun iyaka da aka yi daga 1906 zuwa 1908, sun bar Tsibiri da Maraɗi a hannun Faransi, Sabon Birni da Isa a hannun Ingilishi. Zumunci da kasuwa da aure ba su san da turakun ba.

Daga zaurance zuwa lissafi

Kada a ɗauka ilmin kulle rubutu baƙo ne ga duniyar da malaman Gobir da Sakkwato suka yi karatu a cikinta. Tun a ƙarni na 9 Alkindi ya rubuta risala a Bagadaza a kan warware rubutun asiri, inda ya nuna cewa in an ƙidaya yawan zuwan kowane harafi ana iya gano abin da aka musanya, kuma Alƙalƙashandi na Misira ya kawo babi a kan haka a kundinsa na aikin magatakarda a farkon ƙarni na 15. Malaman ƙasar Hausa sun san hisabin abajada, inda kowane harafi ke da lambarsa, har Muhammadu Alkatsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi suna da rubutu a kan hatimin lissafi. Amma a nan ƙasar an fi karkata wannan sani ga sha'anin asiri da tsari da rubuta shekara a ƙarshen waƙa. A wajen talakawa kuwa akwai zaurance, inda ake cusa gaɓa a bayan kowace gaɓa, tafi ta koma tabafibi, ko a juya kalma baibai. Zaurance yana rufe magana ga wanda bai taɓa jin sa ba, amma mai kunne in ya zauna yini ɗaya ya kama shi, daga nan kuma ya mutu har abada, domin dabarar ita ce asirin. Wani masani ɗan ƙasar Holan, Kerckhoffs, ya kafa ƙa'ida a 1883 cewa tsari nagari shi ne wanda ko abokin gaba ya san yadda yake aiki ba zai amfana ba, muddin bai riƙe mabuɗin ranar ba, kuma mabuɗin ya zama mai sauƙin sakewa. Da wannan ma'auni tsaga da take da zaurance duk sun faɗi.

Babban sauyi ya zo a 1976, sa'ad da Diffie da Hellman a Amurka suka nuna ta hanyar lissafi cewa mutum biyu da ba su taɓa haɗuwa ba suna iya ƙulla mabuɗi ɗaya alhali kowa yana sauraren su. Misalin da ke kusantar da ma'anar shi ne na falke da ya sa saƙo a adaka ya datse da kwaɗonsa ya aika. Abokinsa ya ƙara nasa kwaɗon ya mayar. Falke ya cire nasa ya sake aikawa, abokin ya buɗe nasa ya ɗauki saƙo, ɗan aike bai taɓa riƙe mabuɗi ba. Amma in ɗan aike ya tsaya a bayan gari ya saka kwaɗon kansa ya komo ya ce na abokin ne, falke zai cire nasa da hannunsa ya ba shi. Ashe dai ba a rabu da buƙatar hatimi da tuta ba.

Ga ƙungiya kuwa lissafin ya fi tsanani. In ƙauyuka 50 za su yi magana, kowane biyu da mabuɗinsu na dabam, ana bukatar mabuɗi 1,225. In an ba su ɗaya tak, kama mutum ɗaya ya tona duka. A 2002 Eschenauer da Gligor na Jami'ar Maryland suka kawo shawarar a bai wa kowace na'ura 'yan mabuɗai da aka ɗebo da ka daga babban rumbu, ta yadda maƙwabta biyu galibi za su dace a kan ɗaya, wadda aka kama kuma ba za ta tona sai ɗan abin da ke hannunta ba. Wata dabara ita ce a jera mabuɗai kamar rassan itace, kamar yadda mai unguwa ke ƙarƙashin dagaci, dagaci ƙarƙashin hakimi. In mutum ɗaya ya fita daga ƙungiyar mutum 1,000, mabuɗan da ke kan reshensa kawai za a sake, kimanin 10. A kan irin wannan tsari aka gina ƙa'idar saƙon ƙungiya da hukumar tsara ƙa'idojin intanet ta fitar a 2023. WhatsApp, wanda ya kulle saƙonninsa daga baki zuwa baki tun 2016, yana sake mabuɗan zaure duk lokacin da wani ya fita. Da Tsibiri tana da irin wannan, da fitar Ɗan Halima ba ta yi mata ciwo haka ba.

Shekarar da aka kashe sabis

Tun wajen 2019 hare-haren 'yan bindiga suka tsananta a gabashin Jihar Sakkwato, dubban mutane suka ƙetara zuwa yankin Gidan Runji da ke jihar Maraɗi, watau ƙasar da kakanninsu suka fake a cikinta bayan 1808. A watan Mayu na 2020 an kashe fiye da mutum 70 a yini ɗaya a ƙauyukan Sabon Birni. A watan Satumba na 2021, bayan an yi haka a Zamfara, aka rufe layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar, har da Isa da Sabon Birni. Hujjar hukuma ita ce 'yan bindiga da masu kai musu rahoto da waya suke aiki.

Wayar salula tsari ne mai cibiya tsantsa. Mabuɗinta yana cikin layin da ke waya, kamfani yana riƙe da kwafinsa, magana kuma a kulle take tsakanin waya da turken sabis kawai. Waya biyu da ke ɗaki ɗaya ba sa jin juna sai ta turke. Saboda haka kashe turke yana toshe bakin kowa, amma ba daidai ba. Wanda ke da babur da kuɗi yana iya matsawa bakin iyaka ya kama sabis ɗin Nijar, ko ya koma ga wayar oba-oba wadda ba ta bukatar turke. Manomin da ke son gargaɗin ƙauyen gaba, ko kiran jami'an tsaro, shi ne ya rasa murya. Ana cikin wannan hali, a watan Oktoba na 2021, aka kai hari kasuwar Goronyo, gwamnatin jiha ta ƙidaya gawa 43. Ba za a ce rufe layi ne ya jawo harin ba, amma a fili yake bai hana shi ba. A watan Disamba na shekarar aka ƙona matafiya daga Sabon Birni cikin motarsu, a watan ne kuma wata wasiƙa ta Hausa da sunan Bello Turji ta isa fadar Shinkafi tana neman sulhu, mutane suka shiga tambayar da aka yi wa wasiƙar 1902, watau wa ya tabbatar daga gare shi take. A 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasa ransa a hannun waɗanda suka sace shi, bayan an yaɗa hotonsa mai motsi ta wayoyin da aka ce rufe su zai kawo sauƙi.

Wayar oba-oba ta kasuwa ba ta kulle komai, duk wanda ya murɗa zuwa tashar yana ji, saboda haka masu amfani da ita, 'yan sa-kai ne ko 'yan bindiga, sun koma ga sunayen ɓoye da habaici, watau zaurance da sabuwar riga. Zauren WhatsApp na gari kuwa a kulle yake da lissafin da ba a karya ba, amma abin da ɓarayin daji ke fara karɓewa daga wanda suka kama shi ne wayarsa, a buɗe, da zauren da sunayen duka. Mai kai rahoto ma ba ya bukatar karya komai, tun da an saka shi a zauren da hannu bibbiyu. Akwai manhajojin da ke haɗa waya da waya kai tsaye ba turke, irin su Bridgefy da aka yi amfani da ita a zanga-zangar Hong Kong ta 2019, amma a 2020 masu bincike a Ingila suka nuna ana iya karanta saƙonninta a kuma yi sojan gona a cikinta. Ban da haka zangonta bai wuce kimanin mita 100 ba, wanda ya isa a dandalin birni, bai kai ko bakin gonar farko ba a ƙasar da ƙauyuka ke da tazarar kilomitoci.

Kowane ɗaya daga cikin tsare-tsaren nan yana bukatar wani wuri da mutane za su haɗu ido da ido, su tabbatar da juna, su sake mabuɗi, su cire wanda aka daina yarda da shi. A wannan yanki wurin nan kasuwar mako ce, da masallacin Juma'a, da hanyar da ke kai mutum gare su. Cikin dokokin tsaron da gwamnatin Sakkwato ta kafa a farkon Satumba na 2021 akwai dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, da rufe hanyar Marnona zuwa Isa, wadda ta ratsa dajin Gundumi, aka umarci matafiya su zagaya ta Goronyo da Sabon Birni.